Bushiya a Ƙofar Jami'ar Kan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Bushiya dai akwai cika baki. Tun da ɗanta ya samu shiga Jami'ar Kan Dutse, inda 'ya'yan Zaki da Damisa ke karatu, ta hana maƙwabciyarta Zomanya sakat.

"Wadda 'yarki take, ta Bakin Rafi, ai makarantar kwaɗi ce," in ji ta.

Ranar ziyara suka tafi tare, kowacce da ƙullin tsarabarta. A Bakin Rafi 'yar Zomanya ta rugo da ƙawayenta, aka baje tabarma, aka ci kwaɗon rama ana ta dariya. Bushiya ta taɓe baki.

Da suka isa ƙofar Kan Dutse, sai ga Damisa tana shiga da cinyar ɓauna. Bushiya ta dubi ɗan ƙullinta na soyayyar fara, ta faki ido ta wurga shi rami.

Ɗanta ya fito duk ya rame. Ya ce, "Inna, nan ba a dafa komai sai naman ɓauna, haƙorana ba sa iya shi. Kullum mafarkin fararki nake yi. Ina ƙullin?"

Zomanya kuwa ta ga komai. Ta kwance ragowar ramarta ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, uwarka ce ta ba ni riƙo."

Nan take Bushiya ta cusa kai cikin cikinta ta dunƙule. Har yau in aka dube ta, haka take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na ajiye muku ita.