Kurege da Kwanon Maƙwabci

Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi ku farka.

Ta zo mu ji ta, idonmu biyu.

Wai Kurege ne damina ta ƙarato, matarsa Tasalla ga ciki haihuwa yau ko gobe, raminsu kuma ya soma zubewa. Sai ya nemi Hankaka dillali ya nuna musu gidan sayarwa.

Hankaka ya kai su fadama. Ga faɗi, ga ruwa kusa, amma bango duk shatin ambaliyar bara. Tasalla ta ce a'a. Ya kai su gidan Bushiya a kan jigawa. Ga tudu, ga iska, amma ɗaki ɗaya ne kamar akurki, abinci kuma sai an yi tattaki. Kurege ya ce a'a, ina zai sa wutsiyarsa? Ya kai su ƙarƙashin wani rumbu. Ga faɗi, ga tudu, ga gyaɗa tana zubowa ta tsaga har cikin ɗaki.

Tasalla ta tambayi wane ne a gidan da ke jikinsa. Hankaka ya yi tari, ya ce wani Muzuru ne, amma ya tsufa, ya tuba.

Kurege, baki cike da gyaɗa, ya ce, "Kowane gida da abin da ake haƙuri da shi. Mu haƙura da maƙwabci."

Suka tare. Washegari sai ga kwano daga gidan Muzuru, ƙuli-ƙuli fal. Yau kwano, gobe kwano. Kurege ya ci, ya yi kumatu, ya mayar da kwano a lashe. Ranar da Tasalla ta sauka Muzuru ya zo barka, ya daɗe yana duban jarirai yana lasar baki.

Ya ce, "Maƙwabci, ka san al'ada, ba a mayar da kwano babu komai a ciki. Ni kuwa ba na cin gyaɗa. Ranar suna ina jira."

Kurege ya gane jariransa ake nufi. Tasalla ta watsa masa wani kallo, gara da zaginsa ta yi. Ya zura a guje sai jigawa, ya roƙi Bushiya su yi musayar gida. Tsoro ya sa har gaskiya ya faɗa mata, abin da bai saba ba. Bushiya ta girgiza ƙayoyinta ta yi dariya, ta ce ita gyaɗar kawai ta ji.

Ranar suna da hantsi, Muzuru na barci, suka kwashe jarirai ta ƙofar baya. Kurege ya maƙale saboda ƙiba, sai da Tasalla ta finciko shi da kunne. Bushiya ta duƙunƙune cikin kwano, aka rufe da faifai, aka tilasta wa Hankaka ya kai, tunda ya ci la'ada.

Muzuru ya farka, ya lumshe ido, ya kai cizo. Har jigawa aka ji ihunsa.

Da yamma ruwa ya kece. Jarirai suna barci a bushe, Kurege ya sauke ajiyar zuciya, wutsiyarsa kuwa tana waje, ɗaki bai ɗauke ta ba. Tasalla ta ce ko su nemi mai faɗi?

Ya ce, "Bar ta ta jiƙe. Wutsiya ce, za ta bushe."

Kurunkus kan ƙuli-ƙuli! Mai sayen gida ya duba haƙoran maƙwabci kafin ya duba ɗakuna. In kuwa an aiko da kwano, ya ci, amma ya ci yana ɗaure kaya.