Burodin da Waliyyi Ya Kasa Taunawa

A ƙauyenmu da ke kan tudu a tsibirin Sisili, babu wanda ya kai Donna Nunziata iya burodi, babu kuma wanda ya kai ta sanin haka. In ta yi tsuntsu da ƙullu, sai ka ce zai tashi. Aibunta ɗaya ne: ta fi son a yabi abin da ta gasa a kan a ci shi.

Shekarar da mijinta Saverio ya faɗo daga itacen zaitun, ta yi wa Waliyyi Yusufu alkawarin cewa in ya tashi, za ta shirya teburi ranar idinsa. Saverio ya tashi. Likita ma ya ɗan taimaka, amma ba a cika ambatonsa ba.

Ƙa'idar teburin a wurinmu sananniya ce. Ana gayyato matalauta uku su zauna a matsayin Yusufu da Maryamu da yaro Yesu, ranar kuma waliyyai ake kiransu. Yusufu ke fara cin burodi, sannan a kawo miya. In ya buga cokali a faranti, kowa ya tsame hannu. Alkawari kuwa bai cika ba sai waliyyai sun ƙoshi.

Nunziata ta ƙudura yin teburin da za a daɗe ana labarinsa. Don kada siffofin burodin su baje, ta rage wa ƙullun ruwa, ta bar shi ya jima a tanda. Filippa, ƙanwar mijinta, ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa.

"Yaya, wannan burodi ne ko tubalin gyaran coci?"

"Ke ce za ki koya mini? Naki ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta ci."

"To, Allah ya sa waliyyan bana da ido suke ci."

A matsayin Yusufu ta zaɓi Kawu Liborio, tsohon makiyayi, saboda farin gemunsa ya yi kama da na gunkin coci. Ba ta duba abin da ke bayan gemun ba. Maryamu kuwa Venera ce, wadda mijinta ya rasu, ƙaramin ɗanta kuma shi ne Yesu.

Ranar idi gida ya cika. Fada, limamin cocinmu, ya sa wa teburin albarka, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Nunziata ta sunkuyar da kai yadda kowa zai ga ta sunkuyar. Ta ajiye wa Kawu Liborio mafi kyau, burodi mai siffar sandar Yusufu da furanni a ka.

Tsoho ya gwada karya sandar da hannu, ta ƙi. Ya kai baki ya ɗan tsotsa. Haƙori ɗaya ya rage masa, kuma yana tattalinsa. Da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya yi murmushi ya buga cokali.

"Na ƙoshi, 'yata. Allah ya yi albarka."

Venera ta janye hannun ɗanta daga teburi. Tun jiya suke tanadin ciki saboda wannan rana. Yaron tukunyar miya kawai yake kallo.

Nunziata ta dubi Saverio, yana tsaye a bakin ƙofa da ƙafafunsa biyu. An biya mata bukatarta. Ita ce ba ta cika alkawari ba.

"Kawu, don girman Allah, ba ka ci komai ba."

"Ya fi ƙarfina, Donna. Kuma abin ya yi kyau, ina ni ina tauna fure?"

Filippa ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. Wasu sun ce wannan ce mu'ujizar ranar.

Nunziata ta juya. "Fada, ka ji an buga cokali?"

Fada ya ɗaga kai yana duban rufi. "Kunnen nan nawa na hagu ya daɗe da barin aiki, 'yata."

Ta ɗauko taɓarya. Ta fasa sandar, ta bi da tsuntsaye da zangarniyoyin alkama, ta zuba su a miyar wake har suka jiƙu. Ta zauna gefen tsohon ta tallabo masa kwano. Ya ci har gemun da aka zaɓe shi dominsa ya ɓaci. Venera da ɗanta suka nemi ƙari.

"Ashe har daɗi gare shi," in ji Kawu Liborio.

Nunziata ta yi dariya, hawaye na zuba. Rabon da a ce mata haka, ita kanta ba ta tuna ba.

Daga ranar ta koma gasa burodi mai laushi kowace Laraba, tana kai wa tsofaffin ƙauye. Ba shi da wata siffa. Bayan rasuwarta, mata sukan shafa ƙofar tandarta in za su wuce. Ban ce waliyyiya ba ce. Wannan hukuncin manyan coci ne na Roma, su kuma ba sa gaggawa.

Darasin shi ne, baiwar da Allah ya ba mutum ba ta kammala sai ta isa bakin mai bukata. Ɗaukakar da muke rera wa waliyyai a coci, yawancinsu wajen ciyar da wani da tallabar wani suka same ta. Mai karatu, duk abin da ka iya, kafin ka tambaya ko ya burge, duba ko wanda ke gabanka zai iya taunawa.