Fom Biyu Ne, Ta Ce wa Ƙanwarta Ɗaya Ne

Akwai wata mata a garin Peel, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland, ana kiranta Breesha Kinvig. Shekarunta hamsin da huɗu. Da safe tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin masauki a bakin teku, da rana ta koma gida ta ci gaba da hidimar mahaifiyarta, wadda ciwon mantuwa ya fara taɓawa.

Su biyu tsohuwar ta haifa. Ƙanwar, Fenella, ta ƙetare zuwa Liverpool tun tana budurwa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi.

Da korona ta zo aka rufe tsibirin, Fenella ta yi sama da shekara ba ta taka gida ba. Duk tsawon lokacin nan Breesha ce wanka, ita ce magani, ita ce neman haƙoran roba in Mama ta ɓoye su a cikin butar shayi.

Amma suna ɗaya ne a bakin Mama.

Breesha za ta ajiye mata bandar kifi da burodi, ta ɗanɗana ta ture farantin. "Fenella ta fi ki iya gasa shi."

"Mama, Fenella ko ƙwai ba ta iya dafawa ba."

"Ai ita hannunta daban ne."

Orry, mijin Breesha, sai ya yi dariya ya ce, "Ki ƙyale ta, tsufa ne." Breesha ba ta ganin abin dariya. Tun suna yara haka abin yake, tsufa dai ya cire masa kunya ne.

Da bazara ta shigo aka buɗe wa baƙi ƙofa, amma da sharaɗi. Duk mai zuwa sai ya fara tura shaidar allurar rigakafinsa guda biyu ta intanet, a tantance, a ba shi lamba. Wannan kan ɗauki 'yan kwanaki. Sannan in tafiya ta rage kwana biyu ya cike fom na biyu, mai tambayar lafiyarsa da inda zai sauka, ya sa lambar nan a ciki.

Ba wanda ya san wannan kamar Breesha. Sau goma a rana take yi wa baƙin masaukinsu bayaninsa a waya.

A watan Yuli Mama za ta cika shekara tamanin. Da ƙyar Fenella ta samu hutun kwana huɗu, don ma'aikata sun yi ƙaranci a wajen aikinsu.

Tun da Mama ta ji labari ta zama wata daban. Matar da ke manta ko ta ci abinci, sai ga ta tana riƙe da ranar a ka. Ta sa aka gyara mata gashi. Ta sa Breesha ta kwashe keken ɗinkinta daga ɗakin da ke kallon teku, wai Fenella na son jin ƙarar ruwa.

Breesha ta kwashe.

Rannan ma'aikaciyar jinya ta zo auna Mama. Tsohuwar ta kama hannunta tana murmushi. "'Yata na zuwa, kin ji?"

Ma'aikaciyar ta nuna Breesha da ke tsugune tana sa mata safa. "Ai ga wata 'yar taki nan."

Mama ta duba ƙasa ta ce, "Wannan? Wannan ai kullum tana nan."

Breesha ta gama sa safar ta tashi ta shiga kicin. Tana tsaye a nan, zuciyarta na tafasa, wayarta ta yi ƙara. Fenella ce.

"Yaya, ke da kike cikin harkar, taimake ni. Na shiga shafin nan kaina ya ɗaure, ga shi awa goma sha biyu na yi a tsaye. Fom ɗaya ne ko? Wanda ake cikewa saura kwana biyu?"

Breesha ta kalli ƙofar falo. Tana jiyo muryar Mama tana ba da labarin yadda Fenella ta ci gasar waƙa a firamare.

"Ɗaya ne," in ji ta.

"Kin hutar da ni. Me zan kawo miki?"

"Kawo kanki kawai."

Saura kwana goma a lokacin. Kowace safiya Breesha na iya tura saƙo mai layi ɗaya ta gyara maganarta. Sai ta ce wa kanta ai komai na rubuce a shafin, Fenella ba yarinya ba ce, ta iya karatu. Wadda ta fi kowa iya komai, to ta iya wannan ma.

Orry ya taɓa tambaya suna shan shayi, "Kin faɗa mata zancen lambar nan ko?"

"Ta sani," ta ce, ta miƙa masa sukari.

Ana gobe tafiya Fenella ta zauna cike fom a lokacin hutun cin abinci, sai ta ci karo da wajen sa lamba. Hankalinta ya tashi. Ta tura shaidar allurarta nan take, washegari ta nufi tashar jirgin ruwa da fatan lambar za ta fito kafin a tashi.

Ba ta fito ba. Daga tashar ta kira.

"Yaya, sun ce ba lamba ba shiga. Ga jirgin nan ina kallonsa. Ba kin ce ɗaya ne ba?"

"Kin san su, kullum cikin canza doka suke," in ji Breesha.

"Haka ne. Laifina ne, da na karanta da kaina. Ki ba Mama haƙuri."

Sai a rana ta uku ta hutunta lambar ta fito. Ba sauran amfani.

Ranar bikin Breesha ta gasa bonnag, wato burodin gargajiya na tsibirin, maƙwabta suka zo da furanni. Mama na zaune bakin taga cikin shuɗiyar rigarta, ko juyowa ba ta yi ba.

"Jirgin ya iso?"

"Ba za ta samu zuwa ba, Mama. Na faɗa miki."

"To bari mu jira ta."

Gaskiyar magana, da maƙwabta suka riƙa cewa, "Breesha, ke ce dai mai ƙoƙari, kowa ya gudu ke kina nan," ta ji wani sanyi a ranta. Abin da ta daɗe tana son ji ke nan. Sai dai sanyin bai kai yamma ba, don har aka watse tsohuwar ba ta sa komai a baki ba.

Mako uku Mama ta yi tana tambayar jirgi. A watan Agusta zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida a asibiti. Jikin ya warware, amma kan bai dawo yadda yake ba.

Wata safiya Breesha ta shiga da shayi, sai Mama ta tallabi fuskarta da hannu biyu, idonta ya ciko.

"Fenella. Kin iso."

"Breesha ce, Mama."

"Kin rame, 'yata. Zauna kusa da ni."

Likita ya ce kada a riƙa musu da ita, yana ƙara rikita ta ne. Daga ranar Breesha ta zama Fenella a gidan. Mama na cinye kifin tas tana yabo. Tana shafa mata kai. Tana ce mata, "Na san ke ba za ki bar ni ba."

Duk kalmar da Breesha ta yi shekara hamsin tana jira ta same ta, amma ba ɗaya da ta zo da sunanta.

Sai watan Oktoba Fenella ta sake samun hutu. Wannan karon Breesha ce ta bi ta da waya har ta ga komai ya kammala, ta je tashar jirgin ruwa ta Douglas da kanta ta ɗauko ta.

Fenella ta shiga falo da sauri, ta durƙusa gaban kujerar. "Mama, ga ni."

Tsohuwar ta dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Sannan ta juya wajen Breesha. "Fenella, kawo wa baƙuwa shayi."

Aikin Fenella ke nan, ta san abin da ake yi. Ta yi murmushi, ta karɓi shayin, ta yaba labulen falon. Da ta sha rabi ta ce za ta sha iska, ta fita bayan gida.

Breesha ta same ta wajen igiyar shanya, ta toshe baki da hannu tana kuka.

"Da na zo a Yuli da ta gane ni, ko?"

"Da ta gane ki."

"Wani fom, yaya. Saboda ban tsaya na karanta wani fom ba."

Breesha ta ji ba za ta iya ci gaba da ɗaukar abin ba. "Ba a canza doka ba, Fenella. Na san biyu ne ranar da kika tambaye ni. Da gangan na ce miki ɗaya."

Fenella ta sauke hannunta. Ta dubi yayarta.

"Me na yi miki?"

"Ba komai. Na gaji ne da jin sunanki."

"Sunana." Fenella ta share ido da bayan hannu. "Kin san me take ce min duk Lahadi in na kira? Breesha ta yi min kaza, Breesha ta kai ni kaza, ke kina can kina wanke iyayen wasu. Sai in kashe waya in zauna ina jin haushinki. Amma ko a mafarki ba zan tare miki hanyar zuwa wajenta ba. Ke kin samu shekara talatin da ita. Ni kwana huɗu na nema."



Fenella ta yi mako guda a gidan a matsayin baƙuwa. Tana yanke wa Mama farce, tana karanta mata jarida, Mama na cewa matar nan tana da kirki. Tsakaninta da yayarta kuwa sai gaisuwa da zancen magani.

Ranar komawa, a bakin tasha, ta ɗauki jakarta ta ce, "Zan dawo da Kirsimeti saboda Mama. Ke kuma ki ba ni lokaci. Ban san ko nawa ba."

Breesha ta koma gida ita kaɗai. Ta tarar da Mama ta farka, Orry na gyara mata bargo. Tsohuwar ta miƙo mata hannu.

"Fenella, wai ina yayarki? Ta daina zuwa gaba ɗaya. Ko na yi mata laifi ne?"

Breesha ta zauna ta riƙe hannun. "Ba ki yi mata komai ba, Mama. Tana gaishe ki."

Darasi: Hassada kan sa mutum ya ɓoye wa ɗan'uwansa kalma ɗaya da za ta taimake shi, yana ganin ƙaramin abu ne, alhali akwai ranakun da in sun wuce ba neman gafarar da zai dawo da su. In an tambaye ka abin da ka sani, ka faɗi gaskiya ko da ranka na ɓace, ciwon da ke zuciyarka kuma ka furta shi tun bai sa ka cutar da wani ba. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan labari, ƙila akwai mai saƙon da ya kamata ya aika yau.