Hangamen Bakin Hansai

Dalilin da ya sa za ku ga mace da hankalinta ta riƙe ludayi tana ba jariri kunu, amma nata bakin ne a hangame kamar ita ake ba, to yara, wata tsohuwa ce ta ja wa mata wannan.

A da can jarirai ba su san gardamar ci ba. Da yaro ya iya zama, nono ya daina isar sa, sai a dama masa kunu mai ruwa-ruwa. Ana kawo ludayi zai buɗe baki kamar ɗan tsuntsu a sheƙa. Ba lallashi, ba bin kowa da ƙoƙo.

A wani ƙauye akwai Iya Marka, tsohuwa mai tsokanar tsiya. Tana zaune da matar ɗanta, Hansai, da jikanta Sallau, wanda take kira angonta. Ita kuwa Hansai kunya ce da ita ta gaske. Tunda aka kawo ta gidan, surukarta ba ta taɓa ganin ta tana tauna ko gyaɗa ba, in za ta ci tuwo sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Sallau kuma ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan".

Ranar da za a fara ba Sallau kunu, Iya Marka ta ce ita za ta ba angonta da hannunta. Da ma tana ƙullace da shi, don da safen nan ya tsula mata fitsari a sabon zane. Ga ragowar ruwan tsamiyar da aka yi damu da shi a gefe. Tsohuwa ta faki idon Hansai, ta tsoma ludayi a ciki.

"Zo nan, ango marar haƙori," ta ce. "Yau zan rama."

Sallau ya buɗe baki da zuciya ɗaya. Tsami na dukan harshensa ya runtse ido, ya yamutsa fuska kamar tsohon goro, har kunnuwansa suka motsa. Iya Marka ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta ɗebo kunun gaskiya, ta ce to wasa ya ƙare. Amma bakin Sallau ya rufe gam.

Washegari ma haka. Aka sa zuma, ya ƙi. Aka sa madara, ya kau da kai. Wata maƙwabciya ta ce a yi masa ɗura, aka gwada, ya furzo mata shi a fuska. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Hansai, da ta tashi nononta ya ja baya. Cinyoyin Sallau suka fara saki, zaren layar da ke hannunsa ya riƙa zamewa har tafin hannu. Iya Marka ta daina dariya. Takan ɗora shi a cinya ta sha kunun a gabansa, tana lashe baki tana cewa daɗi, shi kuwa ya dube ta kawai. Wa zai sake yarda da ita?

Wata rana da hantsi tana riƙe da shi, sai ta lura ba ludayin yake kallo ba. Uwarsa yake kallo can bakin murhu, kuma bakinta ya ƙura wa ido. Sai tsohuwa ta kira Hansai ta miƙa mata ƙoƙon, ta ce ta sha ya gani.

Hansai ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Iya, a gabanki?"

"Ni ya daina yarda da ni, 'yar nan. Ke kaɗai kika rage masa. Zan rufe ido."

Ta rufe, amma ɗaya kawai.

Hansai ta ja gefen mayafi ta kare bakinta, ta kurɓa. Sallau bai ga komai ba, don haka bai motsa ba. Ta sake kurɓa a kaikaice, nan ma shiru. Ta dubi wuyansa da ya rame, ta dubi surukarta. Sai ta saki mayafin, ta matso dab da fuskarsa, ta hangame baki har ana hango maƙogwaro, ta zuba kunu ta haɗiye. Ta ɗebo wani, ta sake hangamewa, murya can ƙasa ta ce, "Sallau, aa."

Yaro ya dubi bakin uwarsa, ya buɗe nasa. Ludayi ya shiga, ya fito fayau. Haka suka yi ta yi, ta buɗe ya buɗe, har ƙoƙo ya bayyana gindinsa.

Iya Marka ta ga hangamen, ta kuma ji sunan da aka kira, ta yi niyyar riƙe bakinta. Ta riƙe kuwa, har zuwa la'asar. Da yamma a bakin rijiya ta kwashe labari kaf ta ba mata, har da kwaikwayo. Abin da ta manta shi ne, duk matan nan da goyo a bayansu, kuma kunnuwan 'yan goyon a buɗe suke. Nan suka ji cewa akan sa tsamiya a ludayi. Kafin gari ya waye jarirai sun gama shawara: kada wanda ya buɗe baki sai ya ga mai ba shi ta buɗe nata.

Shi ya sa har yau duk kunyar mace, da ta kai ludayi bakin jariri sai nata ya hangame, ba ta ma san ta yi ba. In kun gani ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma gobe a miƙa muku ludayin ku ba ƙanenku, ni kuma zan zauna a gefe in rufe ido ɗaya.