Ingilishin Yazidu a gidan makoki

Akwai wani matashi a Gaya ta bakin iyaka mai suna Yazidu, wanda ya yi karatu a Sakkwato ya dawo da Ingilishi fal bakinsa. Ya iya kam, ba a raba shi da wannan. Matsalar ita ce bai yarda da ƙaramar kalma ba. In dai direban mota zai gane ta, to ta yi masa araha, sai ya tono wata daga ƙamus.

Babban abokinsa Rashidu ne, Bayarabe ɗan Ibadan mai sayar da kayan mota kusa da tasha. Hausarsa ta ciniki ce kawai, don haka da Ingilishi suke hira. In Yazidu ya saki manyan kalmominsa, Rashidu dariya yake yi ya ce, "Sauko ƙasa mu gaisa."

A lokacin da aka rufe boda, mahaifiyar Rashidu ta rasu a Ibadan. Aka binne ta bai samu zuwa ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shago yana karɓar gaisuwa.

Yazidu ya ji zafin mutuwar nan har ransa, don tsohuwar takan gaishe shi a waya. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kafin ya fito, sai da ya zauna ya tsara abin da zai faɗa.

Da ya isa, bai ko cire takalmi ba. Ya tsaya a kan mutane ya shiga zuba Ingilishi irin na jawabin minista, yana satar kallon wa ya ji.

Rashidu ya ɗago kai, idanunsa jawur.

"Ka gama?"

"Saura kaɗan."

"Yazidu, uwata ce ta mutu. Tun safe nake duban hanya, ina cewa in ka zo zan samu wanda zan yi kuka a gabansa."

Kunya ta rufe Yazidu. Ya laluba bakinsa ko zai samu "sori" ɗaya, amma Rashidu ya riga ya juya ga wasu baƙi.

Ba su yi faɗa ba. Har yau in Yazidu ya biyo ta shagon, Rashidu kan miƙe tsaye ya gaishe shi da ladabi, kamar yadda yake gaida ma'aikatan duwan, wato kwastan.

Darasi: Ilimi ba laifi ba ne, amma kowace magana da wurinta. Wanda ke cikin baƙin ciki kai yake nema, ba ƙamus ɗinka ba. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya amfana.