Otha Ya Ce Gadar Arewa Zai Je

Akwai wani mutum a garinmu na bakin dam, nan Mississippi, ana ce masa Otha Pegues. Cocinmu ɗaya da shi. Na daɗe ina jan ƙafa kan ba ku labarinsa, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Otha gwanin kama kirafi ne, kifin nan mai faɗi mai ɗigo-ɗigo da muke soyawa da garin masara. Ba shi da jirgi mai inji. Ɗan kwalekwalen roba gare shi mai cin mutum ɗaya, sai sandar fatsa biyu. Amma in masu manyan jirage suka dawo da biyar, shi da ashirin zai dawo.

Kirafi yana son ɓuya cikin rassa. Shi ya sa duk bayan Kirsimeti, in mutane suka zubar da bishiyoyin da suka yi adon biki da su a bakin titi, Otha ke bi yana kwashewa a bayan a-kori-kurarsa, ya ɗaura musu bulo, ya nutsar da su a dam. Kowa na yin haka, kowa kuma na ɓoye inda ya nutsar da nasa. Al'adarmu ce, ana yi ana dariya. Amma ɓoyon Otha ya wuce gona da iri.

Ƙanensa Lamar ya roƙe shi har ya gaji.

"Yaya, ka kai ni ko sau ɗaya mana. Ɗaure min ido ma in kana so."

"Kai? Bakinka da ba ya rufuwa ko a jana'iza? In na nuna maka da safe, kafin rana ta yi tsaka har mai aski ya sani."

"Uwa ɗaya uba ɗaya fa muke."

"Uwa ɗaya, amma ba kifi ɗaya ba. Ranar da na mutu ka gada."

'Yarsa da ke Memphis ta saya masa waya mai nuna inda mutum yake. A kan teburin kicin yake barinta. Cewa yake 'yar gulma ba za ta shiga jirginsa ba. Rigar ceto kuwa, matashin zama ya mayar da ita.

Duk wanda ya tambaye shi ina zai je, amsa ɗaya ce: gadar arewa. Mu dai dariya muke yi, mun san halinsa. Mutum ɗaya ce ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, matarsa Verlene, wadda suka yi shekara talatin da ɗaya tare.

Wata Asabar cikin watan Fabrairu aka shirya suyar kifi a coci da yamma. Otha ya shirya fita da sassafe.

Verlene ta miƙa masa kofi ta ce, "Ina za a same ka, tsohon nan?"

"Inda kika sani mana, gadar arewa. Ƙarfe sha ɗaya ina gida. Ki jiƙa garin."

Wajen ƙarfe goma iska ta taso, irin mai kifar da kwandunan shara. Ruwan dam a wannan wata kuwa, in ka tsoma hannu minti ɗaya sai yatsunka su ƙi lanƙwasuwa.

Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Verlene ta kira Lamar, Lamar ya kira 'yan ceto, suka zo da jirage biyu. Mu ma 'yan coci muka bar tukwanen mai muka bi su gadar arewa.

Babu motar Otha a wurin.

Shugaban 'yan ceton ya cire hularsa ya ce, "Uwargida, dam ɗin nan ya fi ƙarfin jirage biyu. Daga nan zuwa kudu tafiyar minti arba'in ce a mota. Dole mu zaɓi gefe ɗaya. Kin tabbata nan ya ce?"

Lamar ya sa baki. "Verlene, ni fa ban taɓa ganin Yaya a gadar nan ba. Ko sau ɗaya."

Ta juyo a fusace. "Ɓoye motar yake yi a daji saboda irinku masu bin sawu! Ku zai yi wa ƙarya. Ni ba zai yi min ba. Ku nema a nan."

Wa zai yi musu da matar mutum? Aka nema a nan. Jiragen suka shiga kowane lungu, mu kuma muna bin gaɓa muna ƙwala kiran sunansa har muryoyinmu suka dushe. Awa uku cur.

Wajen ƙarfe huɗu Verlene tana tsaye a bakin ruwa, sai ta sunkuya tana kallon takalminta. Laka ta ɓata shi, baƙa wuluk. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Lamar, a ina ake da jar laka?"

"Kudu. Wajen tsohon ramin tsakuwa. Me ya faru?"

"Shekara tara ina wanke masa takalmi duk Asabar. Jar laka nake wankewa."

Muka ruga motoci.

A wata 'yar hanyar daji muka iske a-kori-kurar, ya lulluɓe ta da rassa. Kwalekwalen yana kife cikin ciyawar gaɓa, rigar ceton na yawo a gefensa. Can cikin ruwa, a kan kututturen wata tsohuwar bishiya, ga Otha. Ya ɗaure kansa a jikin kututturen da igiyar da yake zura kifi, don kada ya nutse in barci ya ɗauke shi. Rabin jikinsa a ruwa. Fuskarsa tana kallon hanya.

Likita ya ce ya jure sa'o'i da yawa, bai kai awa ɗaya da cikawa ba muka iso. Da ma bai faɗa ba. Allah ya sani, da ma likitan nan ya yi shiru, don a gaban Verlene ya faɗa.

Da Lamar ya je ɗauko motar, ya buɗe ɗan aljihun gaban motar yana neman takardu. Sai ga wata takarda a ninke, an zana taswirar gefen kudu da biro, an sa alama a wuri bakwai. A ƙasa Otha ya rubuta: "Lamar, ga gadonka. Kada ka gaya wa mai aski."

Ƙaton mutum ya zauna a ƙasa cikin jar laka yana kuka kamar ransa zai fita.

Shekara biyu ke nan. Lamar bai sake taɓa sandar fatsa ba. Verlene ta daina zuwa suyar kifi, ko ƙamshin ba ta iya ji. Fasto ya yi mata magana, 'yarta ta yi, ni ma na yi, cewa ba laifinta ba ne. Sai ta gyaɗa kai, ta yi godiya, sannan ta ce, "Lamar ya ce kudu. Ni na tsayar da jiragen a arewa."

Lamar bai ma ce kudu ba sai da ta tambayi inda jar laka take, amma haka take tunawa, kuma ba mai iya cire mata. Ba mutuwar ce kaɗai ke cinta ba. A gaban gari duka ta dafa ƙirji ta ce mijinta ba zai yi mata ƙarya ba.

Bishiyoyin suna nan a ƙarƙashin ruwa, cike da kirafi, ba mai kamawa.

Darasi: Ɓoye wurin kifinka ga duniya in kana so, amma kada ka ɓoye inda kake ga wanda zai fita nemanka. Ƙaryar da ka raina, wanda ya fi yarda da kai ne zai ɗauke ta har ƙarshen ransa. Tura wa duk wani naka da ke fita shi kaɗai ba ya faɗin inda ya nufa.