Kat-kat da Bashe a Gonar Dije

Akwai wani ɗan kasuwar albasa a Madawa, Alhaji Abdurrazak, wanda ya yi wa wata tsohuwa ɓarna ranar Laraba, sha takwas ga watan Yuni na bara, bayan azahar. Na faɗi ranar ne don kada gobe a ce ba a san lokacin da abin ya faro ba. Ni Mushe Isaka Jima, wato malamin makarantar boko, tun ina koyarwa a lakwal har na aje alli, ba na kawo magana sai na bi ta na tabbatar.

A wancan makon wani dillalin motoci ya ba Alhaji motoci biyu ya gwada kafin ya zaɓi ɗaya. Ta farko sabuwar kat-kat ce, baƙa, mai rufaffen jiki, irin wadda ake cewa ba dutsin da ke tare ta. Ta biyu farar bashe ce mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya.

Alhaji ya riƙe kat-kat da kansa. Bashe kuwa ya ba Tasi'u, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, wanda ya daɗe yana jan motocin albasarsa. Alhaji ya liƙa salula, wato wayar hannu, a gilashin gaba don ya ɗauki hoton tafiyar, saboda yana da masu binsa da yawa a shafinsa.

Suka bar Madawa, suka wuce Buza, suka saki babbar hanya suka kama ta laterit, mai jar ƙasa da tsakuwa, wajen Keita.

Gaskiyar mota dai ba a ɓoye ta. Kat-kat ɗin ta yi abin da aka faɗa a kanta. A kan gargadar laterit tana tafiya kamar an shimfiɗa mata tabarma. Kilim, na'urar sanyaya mota, na hura sanyi, ƙarar inji ba ta shigowa, in ta shiga rairayi maɓalli ɗaya ake dannawa ta fita. Alhaji ya riƙa gaya wa salularsa cewa ko shayi aka aza masa a cinya ba zai zube ba.

Bashe kuwa tana da ƙarfi, ba ta tsoron kori, wato rafin da ruwan sama ke bi, amma da yake bayanta ba kaya sai tsalle take yi. Da suka tsaya shan ruwa Tasi'u ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ce hanjinsa duka sun canza wuri. Duk da haka ya kare motarsa. Ya ce bashe halin jaki gare ta, sai an aza mata buhuna take natsuwa, kuma ita ce motar ɗan kasuwa.

Alhaji ya yi dariya ya ce, “To, jaki ai shi ka sanin halin jaki.”

Tasi'u ya ce shi dai bai taɓa ganin an loda albasa a kujerar fata ba.

Daga wannan gardama ɓarnar ta taso. Alhaji ya ce hanya ba ta isa gwaji ba, sai an sami wuri mai wuya a ga wadda za ta fara kasawa.

Kafin a kai Ibohaman akwai wani tudu da ke gangarowa har bakin hanya. A cikin gangaren nan gonar Dije take.

Dije tsohuwa ce, mijinta Gajere ya rasu, ɗiyarta ɗaya tana aure a Galma. Wurin nan da can fako ne, wato ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta tsirowa a kanta. Ita da Gajere suka yi shekaru suna ɗauko duwatsu a ka, suka jera su a saman gangaren don su karya ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tudu. A ƙarƙashin jerin suka haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Sannu a hankali ƙasa ta taru, fako ya fara ba da hatsi.

Bara damina ta yi jinkiri. Dije ta gyara tassarta tun da rani, ta zuba taki, ta yi binne. Irin geronta duka yana cikin ƙasa yana jiran ruwa. Wanda ya duba daga nesa ba zai ga kore ba, sai ramuka da duwatsu.

Amma Alhaji ba baƙo ba ne. Ɗan Adar ne, ya san tassa, ya san binne. Wannan nake so ku riƙe.

Ya tsai da mota, ya juya salula wajen gonar ya ce wa masu kallo ga wurin gwaji ya samu. Kalmominsa suna nan a hoton har yau: “Wannan fako ne, ba na kowa ba ne.”

Tasi'u ya leƙo ya ce masa ramukan nan sun yi kama da na hannu. Alhaji ya ce in bashe ta ji tsoro ta faɗa, ba sai ta laɓe bayan ramuka ba. Tasi'u bai so a ce ya kasa ba, shi ma ya shiga. Ba zan wanke shi ba. Ya taka tassa mai yawa kafin ya ga taki yana fitowa ƙarƙashin taya, ya ja birki ya sauka.

Kat-kat kuwa ta haura har sama. Ta kai ga jerin duwatsu, ta tura su da gaba, ta haye. Alhaji ya ga abin ya yi kyau a hoto, ya juyo ya sake bi ta nan, ya sake, har wurin ya buɗe kamar ƙofar gari. Tayoyin suka bar layi biyu masu zurfi tun daga saman gonar har bakin hanya.

Dije tana can gefe tana kakkaɓe ƙaya lokacin da ta ji ƙarar. Ta taho da sauri iyakar ƙarfinta, hauya a hannu, ta tsaya gaban motar. Alhaji ya sauke gilashi kaɗan don kada sanyi ya fita.

Ta ce, “Ɗana, mi na yi maka?”

Ya ce, “Inna, mota muke gwadawa. Ai ba shuka a nan.”

Ta gaya masa shukar tana ƙasa. Ba ta zage shi ba, ba ta nemi ya biya ta ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta nuna gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce su maza biyu ne, su sauko su mai da manyan duwatsun wurinsu kafin ruwa ya zo, don ita yanzu ba ta iya ɗaga su.

Alhaji ya dubi hadarin shi ma, amma abin da ya gani daban ne. Ya ce in ruwa ya riske su kori zai tare hanya, motar mutane kuma ba tasa ba ce tukuna. Ya miƙo mata gorar ruwan sanyi ta taga. Ba ta karɓa ba. Ya aje ta a ƙasa, ya ɗaga gilashi, ya danna wa Tasi'u oda.

Tasi'u ya tura dutse ɗaya ko biyu, ya ga kat-kat ta yi nisa, ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, ina dawowa.” Ya bi ɗan'uwansa.

Dije ta yi ta fama da duwatsun ita kaɗai. Ƙananan ta mai da. Manyan, waɗanda Gajere ya kafa, ko motsi ba su yi ba. Mutanen ƙauye kuwa kowa ya ruga nasa wuri ganin hadari.

Kafin magariba ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda aka daɗe ana roƙo. Duk ƙasar aka yi murna. Ruwan tudu ya gangaro ya tarar da ƙofa a buɗe, ya tarar da layin taya an share masa. Ya bi ta nan gaba ɗaya. Ya kwashe taki, ya kwashe iri, ya kwashe ƙasar da aka yi shekaru ana tarawa, ya zubar a kori.

Da safe na je na gani da idona. Tsakiyar gonar ya zama kwazazzabo, gefensa farin dutse ne fayau. Dije tana zaune a kan ɗaya daga cikin duwatsun Gajere, gorar ruwan tana nan inda aka aje ta, laka ta rufe rabinta.

Abin bai tsaya nan ba. Alhaji ya zaɓi kat-kat, ya sa hoton gwajin a shafinsa. Jama'a suka yi ta yabon mota. Wasu suka yi ta dariyar tsohuwar da ta tare kat-kat da hauya. Masu neman dutsin gini kuma suka ji babban mutum ya ce da bakinsa wurin ba na kowa ba ne, ga duwatsu a tare, ga hanya har sama. Suka fara zuwa da amalanke. In Dije ta hana su, sai su nuna mata salula.

Ku duba nan da kyau. Mota ta rushe jerin dutse a yini guda. Kalmar nan kuwa har yanzu tana kwasar abin da ya rage.

A watan Agusta Alhaji ya sake bin hanyar zai je Ibohaman. Kwazazzabon da ya fara a gonar Dije ya riga ya ci gaba, ya gangaro ya yanke laterit, ruwa ya lulluɓe yankan. Kat-kat ta zo da gudunta ta faɗa ciki da gaba. Ƙafar gaba ta karye, gilashi ya tsage. Allah ya tsare ransa, ya fito da ciwon kafaɗa.

Maɓallin nan na rairayi bai yi masa komi ba. Ya tsaya a rana yana kiran mutane a salula, manoman da ke wucewa suna yi masa sannu suna wucewa.

Wanda ya zo shi ne Tasi'u, kuma daga saman tudun ya sauko. Tun bayan abin ya bar aikin Alhaji, ya koma jan wata tsohuwar bashe ta haya. Duk ranar da ya sami sarari yakan lodo duwatsu ya kai gonar Dije, yana cike abin da ya taya ɓatawa. Nauyin duwatsun da bai kai ga saukewa ba ne ya danne bayan bashe har ta sami ƙarfin jawo kat-kat daga rami.

Da motar ta fito, Tasi'u ya nuna masa kwazazzabon da hannu, tun daga ƙafarsu har saman tudu. Ya ce, “Alhaji, duba da kyau. Sawun tayarka ne. Ga Inna can, mu haura.”

Alhaji ya dubi sama. Dije tana tsaye tana kallonsu. Ya ce kafaɗarsa na ciwo, wata rana. Washegari ya sa sabon hoto a shafinsa yana kukan lalacewar hanyoyin ƙauye. Bai ambaci gona ba.

Dije ba ta girbe komi ba bara. Ta sake shuka a gefen da ya tsira, amma ba ƙasa, geron ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Da kaka ta rufe ɗakinta ta koma wurin ɗiyarta a Galma. Matar da ta ci da kanta tun rasuwar mijinta yanzu tana jiran a zubo mata.

Na je wurin Alhaji a Madawa, ba sau ɗaya ba. Ya karɓe ni da mutunci, ya kira ni Mushe, ya sa aka kawo lemo. Ya ce shi bai san gona ba ce. Na ce masa wanda aka haifa a Adar ya ce bai san tassa ba, ko dai ya manta gidansu ko bai faɗi gaskiya ba, ya zaɓi ɗaya. Ya ce zai duba.

Abin da ya yi shi ne ya aika da buhunan hatsi Galma a ɓoye, ya ce kada a faɗi wanda ya aiko. Dije ta gane. Ta karɓa, don akwai jikoki a gidan, amma ta ba ɗan aiken saƙo. Ta ce, “Ka gaya mashi hatsi na ci, na gode. Amma bakin da ya ce fako, shi nake jira ya ce gona.”

Har yau tana jira. Hoton yana nan, ana kallo, amalanke na zuwa. Tasi'u na jera dutse, wasu na kwashewa. Damina kuma ta sake gabatowa.

Saboda haka, Alhaji Abdurrazak, ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Ka cire wancan hoton. Ka ɗauko Dije daga Galma a cikin kat-kat ɗin nan, ka kai ta gonarta da rana, a gaban maigari da mutanen ƙauye. Ka sa hannunka ka mai da dutse wurinsa. Sannan ka juya salularka kamar yadda ka juya ta ranar Laraba, ka ce wa masu binka: wannan gona ce, ta Dije matar Gajere ce, ni na ɓata ta, ina roƙon gafararta. A bainar jama'a ka yi laifin, hatsin ɓoye ba zai wanke shi ba.

Darasi: Ƙarfin abin hawa ba ya ba ka ikon taka gumin wani, kuma wurin da ba ka ga kore ba, wataƙila irin wani ne ke kwance a ƙasa. In ka ɓata, sauko ka gyara tun hadari bai zubo ba, don sawun da ka bari a gonar talaka yana iya yanke hanyarka. Ku tura wannan labari gaba, daga hannu zuwa hannu, har ya shiga salular Alhaji.